Waƙar Mai Nuni

'Ya'yana, maganganu biyu kuka taso kuna ji a kaina game da shekarar tiyatir, wato wasan kwaikwayo. Dangin Inna suna cewa na ɗauki asirin gida na baje shi a fili don a tafa mini. Mutanen unguwar yamma ta ƙauyenmu kuma suna cewa na haɗa alƙalami da gurumi na wanke kakana. Ban taɓa tsayawa amsa ko ɗaya ba, don lokacin masu maganar suna da rai kuma sun girme ni. Yanzu ni ne babba, saboda haka ku saurara.

A shekarar ina koyarwa a Buza, ban daɗe da aure ba. Sufeton makarantu ya kira ni ofishinsa ya ce za a yi gasar wasan kwaikwayo ta matasa a Madawa bayan girbi, kuma ni zan shirya 'yan wasan Buza. Ya ce in zaɓi labarin da nake so, sharaɗi kawai a yi shi da Hausa, a sa kiɗa da waƙa, don mutane su zauna har ƙarshe. Ban yi dogon tunani ba. Akwai wani tsohon littafi na Faransanci da duk wanda ya zauna benci a zamaninmu ya karanta, wani baƙo da ya ratsa Adar ya rubuta shi. Labarin wani ƙauye ne na cikin duwatsu a shekarar yunwa, zamanin da masu raƙuma na arewa ke mulkin manoma suna karɓar hatsi. Mutanen ƙauyen suka ɓoye abin da ya rage musu a kogon dutse, sai wani ɗan garin ya kai mahaya har bakin kogon ya nuna musu. A littafin mutumin nan ba shi da uwa ba shi da ɗa. Ido ɗaya gare shi, yana dariya in yara na kuka, ya sayar da garinsu saboda riga guda, a ƙarshe kuma ya zame daga kan dutse ya mutu, mai karatu ya ji sanyi a ransa.

Abin da sufeto bai sani ba shi ne, a ƙauyenmu na wajen Babban Katami an yi irin wannan, kuma wanda ya yi nunin mahaifin Inna ne. Ba na ce labarinsa baƙon ya rubuta ba, don an yi haka a gari fiye da ɗaya. Amma tun ina ƙarami in faɗa ya haɗa ni da wani a bakin rijiya, abin da zai fara jefo mini shi ne jikan Mai Nuni. A gida kuwa ba a ambatar kakan nan sam, sai dai a ce marigayi a wuce. Ba zan ɓoye muku ba, na zaɓi littafin ne don in jefo mutumin daga kan dutse a gaban jama'a da hannuna, kowa ya ga ba ruwana da shi.

Muka fara gwaji kullum bayan la'asar a filin makaranta. Na ba Hamidu tela matsayin mugun, don shi ne mai babbar murya. Kiɗa kuma na samo Arzika, mai gurumi, ɗan ƙauyenmu da ya zauna Buza yana bin kasuwanni. Ya girme ni da kamar shekara goma, mutum ne marar yawan magana in ba da gurumi a hannu ba. Ya yi wa jarumin labarin take, ya yi wa 'yan mata waƙar daka, ya yi wa mahaya wani kiɗa mai nauyi da ke sa gaban mutum faɗuwa. Da muka iso shigowar Hamidu, sai ya ɗora tafin hannu a kan tsarkiya ya dube ni, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu.

"Mushe, wanga mi za ni kaɗa mishi?"

Na ce ai mugu ne, ba ya bukatar waƙa.

"A takarda kam kana iya barin mutum babu murya. Bisa fili ba a yi. Duk wanda yat tsaya gaban jama'a sai an ji cikinai."

Gaskiyarsa, na kuma gane haka a mako na biyu. A littafi marubuci na cewa wane mugu ne, ka yarda, ka juya shafi. A fili kuwa Hamidu ne tsaye, wanda rabin garin ke sanye da ɗinkinsa. Muka ɗaure masa ido da tsumma, muka shafa masa gawayi, muka yi masa 'yar waƙar kwaɗayin riga yana rawa yana shafa tumbi. Matan da ke leƙowa ta kan katanga suka riƙa faɗuwa da dariya. Kafin mako ya zagayo, yaran gari na rera waƙar rigar a hanyar rijiya. Mugun littafi ya zama ɗan kama, ni kuma na ji daɗi, don abin dariya ba ya kama da kakan kowa.

Ran nan muna cikin gwaji Hamidu na tsakar rawarsa, Arzika ya katse kiɗa, ya sa gurumi cikin burgame ya miƙe. Na bi shi har bayan aji.

"Ni na gama, Mushe. Nemi wani."

Na tambaye shi ko wani ya ɓata masa rai.

"Ubana su shida anka haifa. Shi ɗai yaƙ ƙetare shekarag ga. Wanda yas sa haka ba abin dariya ba na. Kuma kai ka san ko wa nike nuhi, kada mu yi ma juna wayo."

Tun da muka fara aiki bai taɓa nuna mini ya tuna ko ni jikan wane ne ba, sai ranar. Na ce to me yake so, in mayar da shi dodo kamar na littafi?

"Dodo ma ƙarya na. Kakata ta san shi, tac ce mutum na mai kunya, ko kaza ba ya iya yankawa. Shi ad dalilin da ba ta yahe mishi ba har tam mutu. In za ka yi, tai ka tambayo abin da yaf faru. In ba ka iyawa, sake littafi."

Ranar Juma'a na hau mota zuwa gida. Na iske Inna tana ɓarzar wake a tsakar gida. A zaure kuma yayanta Kawu Mantau na zaune a kan buzunsa, tsoho tukuf, kunne ya yi nauyi, ya wuni yana tufka igiya. Na gaishe shi na shige. Sai da na sha fura, na ba da labarin surukarta, sannan na ce ina son ta faɗa mini abin da marigayi ya yi. Hannunta ya tsaya a kan dutsen niƙa.

"Illo, wa ya aiko ka?"

Na faɗa mata komai, har maganar Arzika. Sannan ta yi magana ƙasa ƙasa, tana duban ƙofar zaure. Ita ba a haife ta ba lokacin, daga bakin uwarta ta ji. Mahayan sun zo sun iske rumbuna fayau, sun san an ɓoye. Suka tara maza a gindin aduwa suka tambaya, kowa ya yi shiru. Sai babbansu ya sa aka kamo yaro ɗaya daga cikin masu kallo, aka ɗaure shi a bayan raƙumi, ya ce in rana ta karkata ba a nuna ba, da yaron za su tafi, ba kuma za a sake ganinsa ba. Yaron ɗan marigayi ne, shi kaɗai ne namiji gare shi. Mutane suka riƙa ce masa ya yi haƙuri, ɗa ɗaya ba ya fin gari. Ya yi haƙuri har inuwar aduwa ta juya. Da aka tayar da raƙumin, yaron ya kira shi, sai ya miƙe ya shige gaba, mahaya suka bi shi.

"Ba a ba shi riga ba?" in ji ni, don abin da na karanta ke nan.

"Wace riga? Ɗanai anka ba shi. Ga shi can zaure shina tufka."

Na san Kawu Mantau tun ina rarrafe, shi ya yi mini majajjawa ta farko, amma ban taɓa sanin shi ne yaron ba. Inna ta ce marigayi bai faɗo daga dutse ba, ya tsufa a garin. Ya yi shekara arba'in yana salla a sahun ƙarshe, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa ɗaurin aure, jana'iza kawai, a nan ma shi ke haƙa. Hannun damansa kullum cikin riga, ko hanya aka tambaye shi da baki yake nunawa.

"To ka ji. Amma in kas sa wanga cikin wasa, ban yarda ba. Mun yi shekaru muna lulluɓe shi, har an fara mantawa. Ka bar tsoho ya mutu da mutuncinai."

Ban yi mata alkawari ba, ban kuma yi mata musu ba, wannan shi ne laifina na gaskiya a duk al'amarin. Da na dube ta na ce Inna zan yi, da ya fi. Kawu kuwa ban iya ce masa komai ba, na yi masa sallama da ƙarfi kamar kullum na fito.

Na koma Buza da niyyar sake littafi. Kwana uku ina duba wasu, babu wanda ya zauna mini. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne an fara mantawa ɗin nan. Ba a manta ba, ni shaida ne, a bakin rijiya na koya. Abin da aka manta shi ne raƙumin da yaron, aka bar hannun da ya nuna shi kaɗai yana yawo a bakin mutane. Na zauna na rubuta wa Mai Nuni waƙa, na kai wa Arzika a rumfarsa ta kasuwa na karanta masa.

Sun ɗaure ɗana gindin aduwa,
Sun ce in nuna ko in rasa.
Na dubi dutsi, na dubi yaro,
Hannuna yat tashi ban aike shi ba.

Arzika ya sa na maimaita. Ya ce baiti uku na farko sun yi, na huɗu ƙarya ne.

"Hannu ba ya tashi shi ɗai. In kab bar shi haka, ka wanke shi, ni ko ba ni kaɗa ma wanki. Ya ce shi yaɗ ɗaga."

Muka yi gardama har masu sayen goro suka tsaya kallo. A ƙarshe na soke layin na rubuta: Hannun ga nawa, ni naɗ ɗaga shi. Sannan ya kawo nasa sharaɗin. Ya ce matan gidansu suna da waƙar niƙa da suka gada, ba komai cikinta sai sunayen waɗanda yunwar ta kashe bayan an kwashe kogon. In Mai Nuni ya gama tasa, mata za su amsa masa da wannan, suna bayan suna, shi kuma ya tsaya ya ji, ba zai fita ba. Na ce hakan zai yi wa gidanmu nauyi. Ya ce ai shi ma waƙar yaron ta yi wa gidansu nauyi, kowa ya ɗauki nasa. Muka sha hannu a kan haka.

Daga nan wasan ya sake kama. Muka kwance wa Hamidu tsumman ido, muka wanke gawayin, muka jefar da waƙar riga duk da kukan da ya yi a kanta. Muka cire faɗowa daga dutse, wanda shi ne wurin da na fi ɗoki da farko. A madadinsa, wasan ya ƙare da Mai Nuni ya tsufa, yana zaune a gefe hannu cikin riga, mutane na wucewa zuwa biki ba mai dubansa. Hamidu ya sha wuya kafin ya iya, don shi mutum ne da bai saba tsayawa shiru ba. Arzika ne ya ce masa ya daina tunanin mugu, ya tuna ɗansa na fari kawai.

Ranar gasa kamyo, wato babbar motar kaya, ya kwashe mu zuwa Madawa. Da la'asar sakaliya aka kira Buza, fili ya cika har kan katanga, 'yan kasuwar albasa na Galma ma sun bar buhunansu sun zo. Da mahaya suka shigo da kiɗansu, mutane suka yi tsit. Da Hamidu ya miƙe ya shige gaba, wani daga baya ya yi ihu, "Allah tsine!" wasu suka amsa. Sai gurumi ya sauka ƙasa, Hamidu ya juyo ya fara waƙarsa. Ban taɓa jin taro ya mutu haka ba. Wata tsohuwa a gaba ta ja gyale ta rufe fuska. Yana kai layin ƙarshe, 'yan matanmu suka durƙusa kamar masu niƙa suka ɗauka: ina Korau, ina Tsahara, ina Dije da goyonta, ina Tunau, ina tagwayen Ladi. Hamidu na tsaye a tsakiya, hawaye na gaske na zubo masa. Mutumin da ya tsine ɗazu ban sake jin muryarsa ba. Da aka gama, an ɗan jima kafin a tafa, aka kuma fita ana gardama, wasu na cewa da su ne ba za su nuna ba, wasu na ce musu don ba ɗanku ba ne a bayan raƙumi.

Ba mu ci ba, na uku aka ba mu. Shugaban alƙalan gasa ya ce kiɗanmu ya fi na kowa, amma mun ɓata littafi, mun sa jama'a tausayin maci amana, kuma matasa na bukatar ganin mugu ya sami sakamakonsa. Na ce masa ranka ya daɗe, shekara arba'in a sahun ƙarshe ta fi faɗowa daga dutse tsawo. Bai ji daɗin amsar ba, sufeto ma haka. Da aka buɗe makarantu sai ga takarda an mayar da ni wani ƙauye can cikin ƙasar Keita, inda uwarku ta yi shekara huɗu tana tafiya mai nisa ɗibar ruwa, har lokacin da take da cikin babbanku. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma na san wa ya biya.

Wannan duk mai sauƙi ne. Labari ya riga ni isa gida, don akwai 'yan ƙauyenmu a filin, kuma sunayen da aka rera ba wanda bai san gidajensu ba. Da na je, Inna ta amsa gaisuwata kamar ta baƙo, ta sa aka kawo mini ruwa, ta shige ɗaki. Haka muka yi damina biyu. In na aika da saƙo a karɓa, in na zo a ba ni tuwo, amma ba ta sake kirana Illo ba, sai Mushe, kamar kowa. 'Yan uwanta suka daina zuwa gidana. Na ji zafi, har yau in na tuna ina ji, don ta hana ni kuma na yi. Amma in kuka tambaye ni ko wasan daidai ne, daidai ne. Mugun littafi bai koya wa kowa komai ba, don ba wanda ya taɓa duban mai ido ɗaya mai dariyar yara ya ce wannan ni ne. Wanda muka tsayar a Madawa kuwa, duk mai ɗa ya ga kansa a cikinsa, kuma bai sami hanyar cewa ba a yi ɓarna ba, ga sunaye ana kira.

A damina ta biyu aka aiko mini Keita cewa Kawu Mantau na nemana, kuma in zo da mai gurumi. Na bi ta Buza na faɗa wa Arzika, ya ce shi ƙafarsa ba ta taɓa taka gidanmu ba, ubansa ma haka, amma tsoho ya kira, za shi. Muka isa da hantsi. Kawu na kwance a zaure, ya rame sosai, igiyarsa na gefe ba a gama ba. Aka tayar da shi aka jingina da bango. Ya dubi Arzika ya tambayi ɗan wane ne, aka faɗa masa da ƙarfi, ya gyaɗa kai.

"An ce kun yi waƙa. Kowa ya ji, ni da anka ɗaure ban ji ba. Matso kusa, kunnen ga na hagu ya fi."

Arzika ya durƙusa dab da shi ya kaɗa. Ni na rera ta Mai Nuni. Kawu bai motsa ba, sai da na kai wurin aduwa ya ce ba aduwa ba ce, gawo ne, amma in ci gaba. Sannan Arzika ya ɗauki sunayen shi kaɗai, tun daga Korau har ƙarshe. Ina ganin inuwar Inna a bayan asabari, ta tsaya ba ta shigo ba, ba ta kuma tafi ba. Da gurumi ya yi shiru, Kawu ya daɗe yana motsa baki kamar mai lissafin tasbaha.

"Dut na san su. Tunau abokina na, tare muka kiwo. Amma kun bar ɗaya."

Arzika ya ce haka ya gada, bai rage kowa ba.

"Matan gidanku ba su sa ta ba, ban ga laihinsu ba. Hantsi. Ƙanwata, shekarunta ukku. Mu ma hatsinmu cikin kogon yake. Baba da kainai yah haƙa mata."

Ni ban taɓa jin sunan ba, kuma daga yadda asabarin ya motsa na gane Inna ma ba ta taɓa ji ba. Arzika ya sunkuyar da kai yana murza tsarkiya da yatsa. Waƙar ta kakarsa ce, ba tawa ba, ba ni da bakin roƙo. Can ya gyara zama, ya koma farkon sunayen, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da ya wuce tagwayen Ladi bai tsaya ba, ya ce ina Hantsi.

Kawu ya rufe ido ya ce a kwantar da shi. Daga bayan asabari Inna ta yi gyaran murya.

"Illo, shigo ka ɗauko ma baƙonka hura."